Ranar da na yi wa injin motata wankan sallah

Wallahi babu wanda ya aike ni, ni na jawo wa kaina da hannuna. Abun ya faro ne ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na biya wajen masu wankin mota a nan Unguwar Rimi, yaron ya ɗaga bonet zai kwashe ganyen da ya maƙale a gindin gilas sai ya tsaya yana kallo yace "Oga wannan injin naka ai gona ne, damina kawai yake jira a shuka gero." Nace to nawa zaka wanke min? Yace dubu uku, banda kuɗin bodi. Dubu uku fa, a kan ruwa da Omo! Nace rufe min bonet ɗina, Allah ya ba mu alheri.

Motar Fijo 406 ce ta 2002, irin haɗin Kakuri, kuma kun san halinmu mutanen Kaduna, tunda tun 1975 ake haɗa Fijo a garin nan kowa ji yake shi rabin injiniya ne a kanta, ko da kuwa taya bai iya canjawa ba. Amma tsakani da Allah yaron bai yi ƙarya ba, ƙurar hunturu ta haɗu da baƙin mai ta daskare a jikin injin kamar ƙanzon tuwo.

Da daddare na hau YouTube na samu wani bature yana koya wankin inji. Mutumin nan ya fara surutu, yana ta nune-nune da leda a hannu, ni kuma data na kan ƙarewa, sai na ja bidiyon gaba zuwa inda ya fara fesa ruwa. Ashe duk karatun yana cikin surutun da na tsallake.

Asabar da safe. Ku riƙe wannan, ranar ce surukata Hajiya zata koma Abuja bayan sati biyu a gidanmu, an saya mata tikitin jirgin rana tun kwana uku da suka wuce, kuma ni na bugi ƙirji nace ni zan kai ta tashar Rigasa da kaina, kar wanda ya yi zancen Keke. Har a raina na tsara yadda zan ɗaga bonet a gabanta kamar ina duba ruwan lagireto, ta ga inji na ƙyalli ta san 'yarta tana hannun mutum mai tsafta. Ban san wace suruka ce ke duba inji ba, amma a lokacin dabarar ta yi min daɗi sosai.

Na fita da motar har Kawo na sayo biredi da kananzir kwalba ɗaya, na dawo na tare mai ruwa na karɓi jarka biyu. Na shiga kicin na ɗauko soson wanke-wanke, na shiga banɗaki na ɗauko wani burushin haƙori da na yi zaton tsoho ne (na uwargida ne, sabo, wannan shari'ar daban take). Inji na nan da zafinsa ban jira ya huce ba, na dama Omo a bokiti ya yi kumfa, nace bismillah na sheƙa.

Jama'a! Wani irin "caaaa" da tururi suka turnuƙe ƙofar gidan, ɗan maƙwabcina da ke wasa a waje ya ruga yana ihun gobara gobara. Kafin kace kwabo mutum huɗu sun fito, ɗaya har da bokitin yashi. Nace musu a'a ku kwantar da hankalinku, sabis nake yi. Wani dattijo a layinmu, tsohon direban tirela ne, ya leƙa yace "Malam ka cire kan batir kuwa?" Nace Baba ai wannan na zamani ne ba sai an cire ba. Ya dube ni, ya dubi injin, yace "To Allah ya taimaka" ya koma kan bencinsa ya gyara zama kamar mai jiran a fara wasan ƙwallo.

Na goga kananzir ko'ina, har kan fanbel da robobi, na bi lungu-lungu da burushi, akwatin fis ma na buɗe shi na ɗauraye don na ga ƙura a ciki, altaneta kuwa ita ta fi shan ruwa saboda ramukanta sun fi riƙe datti. Jarka biyu tas. Kuma gaskiya inji ya yi kyau, sai da na ɗauki hoto na sa a status.

Sha biyu da rabi Hajiya ta fito da mayafinta, an loda akwati da ƙullin kuka da daddawa a but, ta zauna a baya, uwargida a gaba. Na murɗa makulli. Kir kir kir. Shiru. Na sake. Kir kir kir, sai ta kama, amma kamun da gara ma bata yi ba, motar gaba ɗaya rawa take kamar injin markaɗe, wutar cek ta kawo, salansa na tari bul bul, ga wani ƙara "ƙiiiii" daga fanbel kamar an taka wutsiyar mage. Hajiya ta riƙe kujera tace "Lafiya dai ko?" Nace lafiya lau Hajiya, sanyi ne. Ƙarfe sha biyu da rabi na rana fa. Uwargida ko kallona bata yi ba, gilas take kallo tana danne dariya.

Mun yi tafiyar da bata kai tsawon gida biyar ba ta mutu murus. Yaran layi suka tura, ta ƙi. Na dawo da gudu na ɗauko abun busar da gashin uwargida da doguwar waya, ina jonawa NEPA suka ɗauke. A nan Hajiya ta buɗe ƙofa a hankali tace "Ɗan nan, samo min Keke, jirgi ba ya jiran kowa." Haka na tsaya a bakin titi hannu duk baƙin mai ina tare Keke, na biya kuɗin shata har Rigasa, aka ɗora daddawa aka tafi aka bar ni.

Bakanikena na Panteka sai bayan la'asar ya iso a kan mashin da yaronsa. Yana ɗaga bonet yace "Kai Alhaji, wa ya yi mata wanka?" Nace yara ne. Dattijon nan daga kan benci yace "Yaron ne gashi a gabanka." Bakaniken ya kwance koyil ɗin da ke zaune a kan fulogi, ya haska min da tocilan waya, ramukan fulogi biyu cike da ruwa kamar rijiya. Yace wutar da ya kamata ta shiga ta ƙona fetur ruwa take bi ta gudu jikin inji, shi yasa silinda biyu kawai ke aiki cikin huɗu. Kananzir kuma shi ya sa fanbel santsi, kuma yana cin roba. Yace in gode Allah ruwan bai shiga birenbos, wato kwamfutar motar, ba, kuma ruwan sanyin da na kwara kan ƙarfe mai zafi bai tsaga komai ba, da yanzu zancen saida fili ake. Wai da na bari ya huce, na cire kan batir na negatif, na ɗaure altaneta da akwatin fis da bakin iyakilina (matatar iskar inji) da leda, na goge da tsumma mai ɗan danshi, da shikenan. Wato ledar da baturen nan yake ta ɗagawa kenan.

Suka tsane ramukan da tsumma da iska, koyil ɗin dai ya tafi, sai na Belgium aka sayo washegari, da sabon fanbel. Da na haɗa lissafi da kuɗin Keke da sabon burushi, kuɗin ya isa in wanke injin a wajen yaron nan sau goma sha wani abu. Ƙarin abun haushi, yanzu da injin ya yi fes sai ga baƙin mai na tsatsafowa ta gefen gasket ɗin sama ƙarara, bakaniken yace dama can yana yoyo, dattin ne ya rufa min asiri.

Hajiya ta samu jirginta da ƙyar. Da daddare na kira in ji ya ta sauka, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har zan ajiye waya sai tace "Af, ya mai jikin? Ta bushe?"