Italiya Ta Haɗu a 1861, Amma Wa Ya Tambayi Talakan Kudu?

Jama'a, duk inda aka zo maganar kishin ƙasa sai kun ji an kawo Italiya misali. Bayan taron Vienna na 1815 ƙasar a yayyage take: Ostiriya ta danne Lombardiya da Venis, Fafaroma na mulkin tsakiya, gidan sarautar Bourbon na riƙe da Napoli da tsibirin Sisili. Kafin shekara hamsin ta cika sai ga mafi yawanta ƙarƙashin tuta ɗaya da sarki ɗaya. Ana kiran mutum uku: Mazzini mai alƙalami, Cavour mai dabarar siyasa, Garibaldi mai takobi. Ina ganin girmansu, musamman Garibaldi. Amma akwai abin da ke ci mini rai a labarin nan, kuma ba kasafai ake faɗarsa ba: an haɗa ƙasar ne a bisa kan talaka, ba tare da shi ba.

Ku dubi yadda aka ƙulla abin. A 1858 Cavour, firaministan masarautar Piedmont ta arewacin Italiya, ya gana da sarkin Faransa Napoleon na Uku a asirce a Plombières, suka shirya yaƙar Ostiriya. An gwabza a 1859, jini ya kwarara a Solferino, Piedmont ta samu Lombardiya. Ladan Faransa kuwa shi ne yankin Savoy da birnin Nice, wato garin da aka haifi Garibaldi kansa. Cavour ɗin nan Faransanci ya fi zama a bakinsa fiye da Italiyanci, kuma har ya mutu bai taɓa taka kudancin ƙasar da ya haɗa ba.

A Mayun 1860 Garibaldi ya tashi daga kusa da Genoa da mayaƙan sa-kai kimanin 1,000 masu jajayen riguna, ya sauka Marsala a tsibirin Sisili don yaƙar sarautar Bourbon. Me ya sa manoman Sisili suka mara masa baya? Galibinsu ba su taɓa jin wata aba wai ita Italiya ba. Gona suke so. Garibaldi ya fitar da doka a watan Yuni cewa za a raba filayen gari ga marasa shi, su kuma suka ɗauki maganar da gaske.

A gindin dutsen Etna akwai wani gari, Bronte. Mafi yawan ƙasar nomansa mallakar magadan Nelson ne, kwamandan jiragen ruwan Ingila, wanda sarkin Napoli ya yi wa kyautar wurin a 1799. A farkon Agusta manoman garin suka gaji da jiran alkawari, suka yi bore, suka ƙona gidaje, suka kashe manyan gari sama da goma. Ban wanke su ba, kisa kisa ne. Amma ku ga wanda aka turo musu: Nino Bixio, na hannun daman Garibaldi. Aka yi shari'ar gaggawa ta 'yan sa'o'i, ranar 10 ga Agusta aka jera mutum biyar aka harbe. Cikinsu akwai lauya Nicolò Lombardo, mai goyon bayan juyin tun farko, akwai kuma wani bawan Allah da duk gari ya san ba shi da cikakken hankali. Gonakin suka ci gaba da zama a hannun masu su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Oktoba aka yi ƙuri'ar raba-gardama kan haɗa kudu da sauran Italiya ƙarƙashin sarkin Piedmont. A Sisili an ce mutum 432,053 sun amince, 667 kacal suka ƙi. Ƙuri'a ce a bainar jama'a, kowa na kallon abin da ka jefa. Kwanaki kaɗan bayan haka Garibaldi ya tarbi Sarki Victor Emmanuel na Piedmont a Teano ya miƙa masa rabin ƙasa, ya koma tsibirinsa na Caprera bai karɓi sarauta ba. Wannan halin nasa ne ya sa nake ƙaunarsa. Sarkin kuwa, da aka shelanta Masarautar Italiya ranar 17 ga Maris 1861, bai ma yarda a kira shi na Ɗaya ba. Ya ci gaba da zama Victor Emmanuel na Biyu, lambarsa ta Piedmont. Dokokin Piedmont aka shimfiɗa wa kowa, da harajinta, da tilasta wa samari shiga soja. Masu ikon zaɓen majalisa ba su wuce kashi 2 cikin 100 na jama'a ba. Kusan kashi uku cikin huɗu ba su iya karatu ba, kuma 'yan ƙalilan ne ke magana da Italiyanci a gida, kowa da harshen garinsu.

Kudu ta kama da wuta. Gwamnati ta ce 'yan fashi ne, kuma lalle akwai 'yan fashi a ciki, akwai tsofaffin sojojin Bourbon, akwai kuma manomin da aka zo ɗauke masa ɗansa ana tsakiyar aikin gona. Aka jibge sojoji sama da 100,000, dokar Pica ta 1863 ta ba kotunan soja ikon yanke hukunci. A 1869 aka fara karɓar haraji a kan niƙan hatsi, wato a kan burodin da talaka zai kai baki, har manoman arewa ma suka yi bore.

Kada wani ya ce ina kewar sarakunan Bourbon. Azzalumai ne, kurkukunsu cike yake da masu ra'ayi, kuma korar Ostiriya daga ƙasar da ba tata ba daidai ne. Mazzini ma ba wannan Italiyar ya yi wa fafutuka ba tun da ya kafa ƙungiyar Matasan Italiya a 1831. Jamhuriya ya so, wadda jama'a za su gina da hannunsu. Ya rayu ya ga an karɓi Venis a 1866, an shiga Roma a 1870, amma a 1872 ya mutu a Pisa yana ɓoye da sunan aro, a cikin ƙasar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta.

Talakan kudu da ya ga babu gona, sai ya nemi jirgin ruwa. Miliyoyi suka bar Napoli da Palermo zuwa Amurka da Ajantina da Brazil. Abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne maganin da masu kishin ƙasa na baya suka kawo: tun da ba za a taɓa gandun manya a gida ba, a je a ƙwato wa talaka ƙasa a Afirka. Habashawa suka karya su a Adwa a 1896, ba su daddara ba. A 1911 suka faɗa wa Libiya suna yi wa marasa gona alkawarin filaye, kuma shekara ashirin bayan nan, a 1931, jikokin waɗanda suka yi yaƙin korar baƙon mai mulki suka rataye Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiyawa, a gaban mutanensa saboda ya ƙi mulkin baƙo.