Ku yi ta dariya, tokar nan ta taɓa rumbun kakanninku

Na ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta, na kuma ga yadda kuka bi shi a ƙasa kuna ta ƙyaƙyata dariya. Wai kuɗi sun yi wa Turawa yawa, sun rasa abin yi, sun tafi ƙarshen duniya haƙar ƙanƙara, in ƙanƙara suke so su zo Kano a sayar musu ta ɗari biyu. Madalla, ranka ya daɗe, barkwanci ya yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne mai maganar nan Dakta ake rubutawa kafin sunansa, kuma ɗalibai na karanta shi suna ɗauka.

Mutane sun yi shekaru a Antatika cikin sanyin da ke daskarar da numfashi a gemu, sun huda ƙanƙara har zurfin mita 2,800, a farkon 2025 suka sanar sun kai ga wadda ta haura shekara miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a kwance. Kai kuma abin da ka gani a ciki shi ne ƙanƙarar zuba wa zoɓo.

To bari in faɗa muku, abin da ke cikin ƙanƙarar nan ya shafe mu. Ya shafi daminarmu, ya shafi geronmu.

Can sanyi ba ya barin abin da ya sauka ya narke. Na bana ya hau kan na bara, na baɗi ya hau kan na bana, haka shekara dubbai, kamar littafin mai kanti da ba a taɓa yage masa shafi ba. Duk ranar da wani dutse ya yi aman wuta mai ƙarfi, ko a Indunisiya yake ko a Alaska, iska na kwasar tokarsa da hayaƙin farar wutarsa ta kai can ko Girinlan, tsibirin ƙanƙara da ke ƙarshen arewa, su kwanta a shafin wannan shekarar. Sandar ƙanƙarar da ake zarowa faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Wani lokaci da ido za ka ga siririn layi mai ruwan toka ya ratsa ta. Galibi kuwa ba a ganin komai, sai an yanka, an narkar, an tace, a sa a madubin likita, sannan a ga 'yan ɓarɓashin gilas da ba su kai kaurin gashi ba. Kowane dutse da irin haɗin sinadarin gilas ɗinsa, na wannan ya fi ƙarfe, na wancan ya fi gishirin kanwa. Da haka ake cewa wannan tokar daga dutse kaza ta taso, a shekara kaza.

Yanzu ku saurara da kyau, masu dariya. A watan Yunin 1912 wani dutse a yankin Katmai na Alaska ya yi aman da babu kamarsa a duk ƙarni na ashirin. Tokarsa na nan a ƙanƙarar Girinlan, an same ta. Shekara mai zuwa, 1913, damina ta ƙi a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da kakanninmu suka raɗa wa Kakalaba. A 1982 dutsen El Chichón ya fashe a Meziko. Wanda ya yi wayo a 1983 da 1984 ba sai an ba shi labarin abin da ya biyo baya ba, ya ga shanu na faɗuwa, ya ga 'yan'uwanmu na Nijar a bakin titi da ƙwarya. A 2013 wani masani ɗan Ingila, Jim Haywood, da abokan aikinsa suka duba ruwan saman Sahel daga 1900 zuwa 2010, suka ga uku daga cikin daminu huɗu mafi muni sun zo ne bayan babban aman wuta a arewacin duniya. Dalilin ba boyayye ba ne. Hayaƙin farar wuta na hawa sama da inda hadari ke haɗuwa, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana tare hasken rana. In rabin arewa ne kaɗai ya yi sanyi, iskar damina da ke tasowa daga teku ba ta samun ƙarfin hawowa har inda ta saba, sai ta tsaya can kudu, mu da ke bakin hamada mu yi ta kallon sama.

Na san za a ce ai ba dutse kaɗai ya kawo Kakalaba ba. Wa ya ce shi kaɗai ne? Akwai harajin Bature da ba ya jiran girbi, akwai gyaɗar da aka ruɗi manoma da ita bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, akwai ɗumin teku da ke sauyawa. Duk mun ji. Amma tokar na cikin lissafin, kuma ba a Daura aka gano haka ba, sai da wani ya je ya sha sanyin da kuke yi wa dariya.

Wani kuma ya rubuto wai ruwa na Allah ne. Haka ne, wallahi babu musu. Shi ne kuma Ya halicci sababi, Shi ne Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta. Cuta ma ta Allah ce, amma ban ga ka fasa kai ɗanka gwajin jini ba. Mu wuce.

Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne labarin 1257. Tun wajen 1980 masu binciken ƙanƙara ke ganin wata ƙatuwar alamar farar wuta a ƙanƙarar arewa da ta kudu duka, ɗaya daga cikin mafi girma a shekara dubu biyu da suka wuce, amma babu wanda ya san dutsen da ya yi ta. Shekara talatin ana nema. Sai a 2013 wani Bafaranshe, Franck Lavigne, da tawagarsa suka nuna dutsen Samalas ne a tsibirin Lombok na Indunisiya. Kun san me ya taimaka musu? Tsohon rubutun mutanen wurin a kan ganyen giginya, wanda ya ba da labarin yadda dutsen ya rushe ya binne garin Pamatan. Aka gwada gilas ɗin tsibirin da na ƙanƙara, suka yi daidai. Aman nan ya faru ne shekara guda kafin Bagadaza ta faɗa hannun Mongol. Akwai kuma wanda har gobe ba a gano ba: wajen ƙarshen 1808, daidai lokacin da Alƙalawa ta faɗi, wani dutse ya yi aman da ya bar alama a ƙanƙarar arewa da ta kudu, shekaru kaɗan kafin aman dutsen Tambora na 1815. Shaidar na nan, mai laifin ne ba a kama ba. In wannan bai sa tsigar jikinka ta tashi ba, to ban san me karatu ya ƙara maka ba.

Haka ƙasan teku. Laka na kwanciya a hankali, toka na nutsewa ta shiga tsakani. Akwai wata toka da dutsen Katla na Ayislan ya watsa kusan shekara 12,000 da suka wuce, ana kiranta Vedde. An same ta a ƙanƙarar Girinlan, an same ta a lakar tekun arewa, an same ta a ƙasan tafkunan Norwe. Tunda lokaci guda ta sauka, da ita ake haɗa shafin ƙanƙara da shafin laka a san abin da ya riga wani, sanyin iska ko sauyin ruwan teku. Jirgin ruwan da ya yi shekara kusan arba'in yana haƙo irin wannan laka, JOIDES Resolution, an ajiye shi a 2024 saboda kuɗi. Su can kuka suke yi an rage musu, mu nan muna cewa sun yi almubazzaranci.

Ga inda dariyar za ta ƙare. Bayan aman da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi a 1991 ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri, wasu suka riƙa cewa me zai hana a riƙa fesa farar wuta a sama da gangan don rage zafi. Maganar ta wuce fatar baki, wani ƙaramin kamfanin Amurka ya saki balan-balan ɗinsa masu ɗauke da hayaƙin farar wuta a Meziko har gwamnatin ƙasar ta ce za ta haramta. Binciken Haywood ɗin nan dama a kan haka aka yi shi, kuma ya nuna in aka fesa a arewa kaɗai, Sahel ce za ta bushe. Mu ke nan. A taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024 ƙasashen Afirka sun tsaya kai da fata a kan batun. Da me za ka yi gardama a irin wannan teburi in ba ka san abin da toka ta yi wa daminar 1913 ba? Da barkwancin ƙanƙarar ɗari biyu?

Wani abin haushin ma, mu ma fa muna da namu. Tudun Biu na Borno gaba ɗaya tsohon aman wuta ne, Tafkin Tila da ke kusa da garin bakin dutse ne da ruwa ya cika. A Filato ga duwatsun Panyam da Kerang a bakin hanya. A Kamaru, Tafkin Nyos ya saki iskar da ta kashe mutum sama da 1,700 a dare ɗaya a 1986. Ɗan ƙanwata an karɓi kuɗin yawon buɗe ido a makarantarsu zangon da ya wuce, aka ɗinka musu riga mai tambari, aka loda su a bas. Ina aka kai su? Babban kanti, su hau matakala mai tafiya da kanta. Ya dawo da balan-balan da ciwon ciki, kuma har yau uwarsa na bin makarantar canjin dubu ɗaya da ɗari biyar.