Mutumin da ke sa hannu kafin jirgin yaƙi ya tashi

Jiya da daddare a teburin mai shayin bakin layinmu nan Agege, hira ta gangaro kan jiragen yaƙi, sai wani matashi ya ce wai kanikawan jirgi ba cikakkun sojoji ba ne, suna can inuwa, matuƙi ne kawai ke tarar aradu da ka. Na haɗiye maganar don kada mu yi sa'insa, amma wallahi da ita na kwana.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan aikin ya yi har ya ajiye kaki. A Kaduna ya koya, ya yi shekaru a Ikeja a kan manyan jiragen nan C-130, daga baya aka tura shi Maiduguri lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari.

Jirgin da zai tashi da hantsi, tun kafin assalatu suna jikinsa da tocila. Su duba taya, su leƙa bakin inji, su shafa ƙarƙashin fiffike ko mai yana ɗiga. Gari na wayewa su jera sahu suna tafiya a hankali, ido a ƙasa, suna tsintar tsakuwa da guntun waya, domin noti guda idan inji ya zuƙe shi, ya isa ya kassara jirgin. Kayan aiki kuwa a ƙirge suke fita, a ƙirge suke komawa. Sifana ɗaya ta ɓace, jirgi ba ya motsawa sai an gano ta. Wannan ɗabi'ar har yau ba ta sake shi ba. Kwanaki ya gyara mana janareta, ya shimfiɗa tsumma ya jera kayansa, ya ƙirga sau biyu, ya ga babu ƙaramar sukundireba. Ashe ɗana ne ya sa a aljihu. Tuwonsa har ya huce bai taɓa ba, sai da ta fito.

Ga zafin Maiduguri a watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa. Ga ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Jirgi ya sauka, a zuba mai, a ɗora makamai, a sake dubawa, ya koma. Kuma wane jirgi? Alpha Jet ɗin da Najeriya ta sayo tun farkon shekarun 1980, ya yi yaƙin Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya girmi da yawa daga yaran da ke gyara shi. Wa kuke tsammani ya riƙe shi a sama duk shekarun nan?

Amma abin da ya fi masa nauyi, in ji shi, sa hannu ne. Kai za ka rubuta sunanka a littafi cewa jirgin nan lafiyarsa ƙalau, ɗan wani ya hau ya rufe gilashi, ya ɗaga maka yatsa. Daga nan sai jira, kana kallon sama, kana tuna kowane noti da ka ɗaure. Mu mazauna Legas ba mu manta da C-130 da ya faɗi a Ejigbo a Satumban 1992 ba, da sama da mutum 150 a ciki. Kowane bakaniken jirgi da wannan a ransa yake riƙe biro.

Batun inuwa kuma, a Disamban 2013 'yan Boko Haram har cikin sansanin sojan sama na Maiduguri suka kai hari, suka lalata jirage. Inda kanikawa ke wuni ke nan.

Da jiragen Super Tucano suka iso a 2021, kowa ya yaɗa hotonsu da na matuƙa, kuma sun cancanta. Ni dai ban ga wanda ya sa hoton mai baƙin mai a hannu ba, kuma abin yana mini ciwo. In za mu yi wa sojoji addu'a, mu riƙa ambaton kanikawan nan su ma.

Yaya yanzu ya manyanta, kunnensa ɗaya ma ba ya ji sosai saboda ƙarar inji. Amma duk sanda C-130 ya taso daga Ikeja ya bi ta kan unguwarmu, ko tsakiyar magana yake sai ya yi shiru, ya karkata kunnen mai lafiyar, har ƙarar ta ɓace, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.