Ƙanina, kafin ka ƙona tsohuwar laftof ɗinka da sunan mayinin

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu masu tasowa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, makon jiya wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo shagona da laftof a leda, ina ɗagawa na ga wajen taɓa linzami ya ɗago sama, murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura kamar an hura shi. Na ce masa kai me ka yi mata haka? Ya sunkuyar da kai ya ce Yaya mayinin nake yi da ita (wato haƙar kuɗin intanet na kirifto da na'ura), wata uku ban kashe ta ba sai in an ɗauke wuta ta mutu da kanta. Na ce to nawa ka tara? Ya buɗe min walet ɗin, wato asusun da kirifton ke taruwa, a waya, wallahi abin da ke ciki ba zai sai masa katin data na sati ɗaya ba, kuma ko shi ɗin bai kai adadin da za a bari ya cire ba. Laftof ɗin nan kuwa ta yayarsa ce, da ita take rubuta furojet ɗinta na kammala makaranta. Na kwance ta, fankar ciki ta cushe da ƙurar hunturu kamar auduga, man da ake shafa wa kan furosesa ya bushe ya zama gari. Abin ya dame ni sosai, don ba shi ne na farko ba, shi ne na huɗu a bana.

Ni ban zo in ce muku kirifto ƙarya ba ne, gaskiya ne ana haƙar Bitcoin kuma akwai masu ci da shi. Kuma wanda ya ce maka an taɓa haƙa da kwamfutar gida bai yi maka ƙarya ba, lokacin ne bai gaya maka ba. Bitcoin ya fara ranar 3 ga Janairu 2009, a lokacin masu haƙar ba su da yawa, kowane bulok, wato sabon shafi a rajistar cinikin Bitcoin, lada Bitcoin 50, da kwamfutar tebur ake samu. A 2010 ne ma wani mai suna Laszlo Hanyecz ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa fiza guda biyu, ka ga yadda ba shi da wata daraja a lokacin. A wannan shekarar aka koma haƙa da katin girafik na 'yan gem, zuwa 2013 sai ga injinan da ake kira ASIC, waɗanda ba su iya komai a duniya ba sai wannan lissafin guda ɗaya. Tun daga nan kasuwar kwamfutar gida ta watse.

To bari in faɗa maka yadda abin yake aiki don da yawa masu cewa suna mayinin ba su san me na'urar take yi ba. Canki-canka ce kawai. Duk injinan duniya suna ta jefa lambobi, wanda ya fara cankar daidai shi ke ɗaukar ladan bulok ɗin, kuma an tsara shi a riƙa samun bulok ɗaya kusan duk minti 10. In masu haƙa suka ƙaru aka fara samu da wuri, duk bayan bulok 2,016, wajen sati biyu kenan, tsarin da kansa sai ya ƙara wahalar cankar. Wato ladan ba ya ƙaruwa don ka shigo, rabon kowa ne ke raguwa. Sannan duk bayan shekara huɗu ana raba ladan biyu, 2012 ya koma 25, 2016 ya koma 12.5, 2020 ya koma 6.25, Afrilun 2024 ya koma 3.125. Tuwon yana raguwa hannaye suna ƙaruwa.

Yanzu ɗora laftof ɗinka a sikeli. Tsohuwar laftof irin kwancen Turai da muke saye a kasuwar Farm Centre ko Beirut a Kano, mu yi mata alfarma mu ce tana canka miliyan 10 a sakan ɗaya. Inji ɗaya tak na Antminer S21 yana yin tiriliyan 200 a sakan, wato ya ninka ta sau miliyan 20, kuma akwai kamfanoni a Texas ta Amurka da suke jera dubbansu a rumbu ɗaya. In ka haɗa na duk duniya ka raba, kafin laftof ɗinka ta canki bulok ɗaya ita kaɗai lissafi ya nuna sai ta yi sama da shekara biliyan ɗaya a kunne. Wani zai ce ai ful zan shiga, a haɗa ƙarfi a raba riba. To shiga ɗin, gwargwadon ƙarfinka ake ba ka, kuma rabonka a shekara guda cur bai kai satoshi ɗaya ba, shi kuwa satoshi sai ka tara miliyan 100 ya zama Bitcoin ɗaya. Wannan ba maganar sa'a ba ce ko rashin haƙuri, lissafi ne kowa zai iya bugawa a kalkuleta.

Masu ɗan wayo sai su ce a'a mu wani kirifton daban mai suna Monero muke haƙa. E, Monero tun Nuwamban 2019 ta koma tsarin RandomX wanda aka yi shi musamman don furosesar kwamfuta, nan ɗin akwai ƙamshin gaskiya, kuma shi yaron nan ma ita yake haƙa. Amma duba: bulok ɗinta duk minti 2, lada 0.6, a rana kenan Monero 432 ake rabawa duk duniya. Tsohuwar Core i5 mai kai biyu in ta yi ƙoƙari ta ba ka canka 1,000 a sakan, alhali jimillar masu haƙar tana cikin biliyoyi. Abin da zai faɗo maka a rana bai kai naira 100 ba. Ita kuwa laftof ɗin in ta kwana ta wuni tana wannan aikin tana shan kusan yunit ɗaya na wuta, wanda a layin Band A ya haura naira 200 tun ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024. Ka kashe 200 ka samu ƙasa da 100, ban sa data ba, ban sa batiri ba. Kuma in RAM ɗinta bai wuce giga 2 ba ma ba za ta iya gudu yadda ya kamata ba. Ga shi Binance, babban dandalin saye da sayar da kirifto, ta cire Monero daga kasuwarta a Fabrairun 2024, sayar da ita ma sai ka zagaya. Ethereum kuwa da masu katin girafik suka ci moriyarta, tun 15 ga Satumba 2022 ta daina tsarin haƙa gaba ɗaya, duk bidiyon da ka gani a YouTube yana koya maka haƙar ta tsoho ne.

Nasan amsar da za a ba ni, wai mu ai ba mita gare mu ba, ko a ofis nake jonawa, ko a hostel, wutar banza ce. Ɗan uwa ba wutar banza a duniya, wani ne ke biya. In ka jona na'ura a wajen aikinka ba da sanin maigidanka ba kana tara wa kanka, ka ci amana, ko da naira goma ce, kuma kai ma ka san haka tunda ɓoyewa kake yi. Masu tayar da janareta kuwa ban san me zan ce musu ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta ninka sama da sau huɗu, ka zuba wannan man don ka haƙo naira hamsin?

Akwai kuma wani tarkon da ya fi wannan ciwo saboda kuɗin da ake zubawa sun fi yawa, tsofaffin injinan ASIC. Za ka ga ana tallar Antminer S9 da araha a ce maka injin buga kuɗi ne. Injin 2016 ne fa, yana yin wajen tiriliyan 13 da rabi, yana shan wat 1,300 da ɗoriya, kamar dutsen guga kenan, kuma dare da rana. Yunit 32 a rana, a Band A ya haura naira 6,000, abin da zai haƙo maka kuwa tun bayan rabin ladan 2024 bai kai dala ɗaya ba a rana. Shi ya sa masu shi na can suka sauke shi suka turo mana. Ga ƙara kamar injin markaɗe, ba mai iya barci a ɗaki ɗaya da shi, ga zafi, ka tuna watan Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato zafi yana haura digiri 40 tun kafin ka kunna komai. Wayarin yawancin ɗakunanmu ma ba zai ɗauki wannan lodin awa 24 ba, soket zai narke, Allah ya kiyaye gobara. Waɗanda ke cin riba a harkar nan wutarsu ce mai arha ƙwarai, kusa da madatsar ruwa ko rijiyar gas, shi ya sa da China ta hana haƙa a 2021 suka kwashi injinansu zuwa Amurka da Kazakhstan, wuta suka bi.

Sai maganar waya, don a nan Arewa in aka ce mayinin yawanci danne-dannen nan ake nufi, su Pi da Notcoin da Hamster. Ka sani wayarka ba ta haƙar komai a nan, maki ake rubuta maka a kwamfutar kamfanin, in sun ga dama su raba koyin daga baya. Tun 2018 Google da Apple suka hana manhajar da ke haƙa da ƙarfin waya. Gaskiya Notcoin ta fashe a Mayun 2024 wasu sun samu, ban musa ba, amma da Hamster ta fito a Satumban shekarar kowa ya ga fuskokin mutane bayan wata da watanni ana dannawa har da tsakar dare. Wannan lokacinka da datarka kawai ya ci. Wanda nake roƙonku da girman Allah ku guje shi ne wanda za a ce ka tura kuɗi a kama maka hayar inji a wata ƙasa, kullum riba kaza tabbas, in ka kawo mutum uku a ƙara maka gudu. Mai haƙar gaske bai san nawa zai samu gobe ba balle ya yi maka alkawari. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, salon ɗaya ne riga kawai ake sauyawa.

Kuma ku kula da manhajojin mayinin da ake turowa a guruf ɗin Telegram da WhatsApp, a ce ka kashe antibayiros kafin ka saka. Da yawansu haƙar suke yi da gaske amma walet ɗin wani take tafiya, wasu kuma kalmomin sirrin walet ɗinka 12 suke nema. In ka ga kwamfutarka fanka na ta ihu ba ka buɗe komai ba, danna Ctrl da Shift da Esc tare ka duba, in furosesa tana kan kashi 90 ko 100 to mai yiwuwa wani ne ke noma da sanka.

Abin da ke min zafi shi ne ita wannan laftof ɗin da ake rainawa har ake ƙona ta, dukiya ce babba. Core i5 ɗin da ba za ta haƙo maka naira 100 ba za ta ɗauki Excel, za ta ɗauki CorelDraw, za ka koyi Python da haɗa shafin intanet a kanta lafiya lau. Sa mata SSD ko da mai giga 128, ƙara RAM ya kai 8, in ta tsufa sosai ɗora mata Linux Mint, za ka rantse sabuwa ce. Katin biki ɗaya in ka zana wa mutum ya fi abin da za ta haƙo a wata. In kuma sha'awar fasahar ce ke jan ka, ba laifi, kunna ta awa ɗaya ka ga yadda ful ke aiki, ka karanta takardar Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ta 2008, shafi tara ce kacal, sai ka kashe ka bar ta ta huta. Ni ma da haka na fahimci abin.

Yaron nan dai na cire masa batirin na ce kar ya kuskura ya ajiye shi a ɗaki ko ya huda shi, na wanke fankar na sa sabon mai, na goge manhajar. Allah ya taimaka babban allon cikin laftof ɗin bai ƙone ba kuma fayil ɗin furojet ɗin yana nan. Yanzu sai an jona ta a wuta take tashi har su samu kuɗin sabon batiri. Na ce ya je ya faɗa wa yayarsa gaskiya da bakinsa, ranar Asabar kuma ya dawo shago da ita da littafi da biro, mu fara da Excel.