Auna tebur da taƙi ba ɓata lokaci ba ne

Abin ya fara isata: iyaye a unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra suna ƙorafin cewa 'ya'yansu na aji ɗaya suna auna tebur da taƙi, maimakon a miƙa musu rula su koyi santimita. Suna da hujja, kowa yana son ɗansa ya yi gaba.

Sai dai yaron da bai gane abin da ake aunawa ba, lambobin jikin rula kawai zai haddace. Malama ta auna tebur ta samu taƙi biyar, yarinya da ɗan hannunta ta samu takwas. Tebur ɗaya ne, to wa ke da gaskiya? Yara da kansu suke gano cewa sai da ma'aunin da ba ya canzawa daga hannu zuwa hannu. Lokacin ne ake fito da rula, a nuna musu ana farawa daga 0, ba daga 1 ba.