Zazzaɓin da ke hawa kai ba ya ƙarewa a asibiti

Assalamu alaikum jama'a, daga Marwa ta ƙasar Kamaru nake rubutu. Wallahi wannan labari na Paul Bangirana, masanin halayyar ɗan adam na jami'ar Makerere a Uganda, ya taɓa ni sosai, mutumin ya yi shekaru yana bin yaran da maleriya ta hau musu kai har suka suma, yana gwada hankalinsu da riƙon karatunsu bayan an sallame su. Binciken da suka yi da abokan aikinsa ya nuna kusan yaro 1 cikin 4 yana nan da matsala ko bayan shekara 2, musamman wajen tattara hankali.

To mu nan da yaro ya farfaɗo ya fara cin kunu shikenan an ce ya warke, ya koma lekol ya kasa riƙe abin da metir ya rubuta a allo sai bulala, a ce daƙiƙi ne ko aljanu ne. Ɗan yayata haka ya zama, da can shi ke karanta wa ƙannensa, yanzu in ka aike shi sayen sukari da ashana ɗaya kawai zai kawo.

Har horar da ƙwaƙwalwa da wasannin kwamfuta su Bangirana suka gwada a can Uganda, mu kam ina muka ga wannan. Dai-dai gwargwado Kamaru ta fara allurar rigakafin maleriya a Janairun 2024, ga maganin da ake raba wa yara gida-gida lokacin damina, iyaye mata don Allah ku daina ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Amma wa zai gwada yaran da suka riga suka kamu?