Suturar Kamala Ta Fi Ƙarfin Matar Talaka a Zariya

Macen da take son ta rufe jikinta yadda addini ya umarta a Zariya yau, alhali abin hannunta kaɗan ne, zaɓi biyu aka bar mata, kuma babu na daɗi a ciki. Ko dai ta sayi yadi mai araha wanda da zarar rana ta haska shi sai a ga abin da ke ƙarƙashinsa, ko kuma ta ci bashi ta sayi mai kauri, ta yi watanni tana biya tana rage cefanen gida. Ni malamar firamare ce, ina da 'ya'ya mata da suka fara tasawa, kuma wannan al'amari ya daɗe yana ci mini rai, domin abin da muke nema ba kwalliya ba ce, wajibi ne da Allah ya ɗora mana a aya ta 31 ta Suratun Nur da aya ta 59 ta Suratul Ahzab.

Malamai sun yi bayani, kuma mun karɓa hannu biyu, cewa sutura sai ta rufe jiki, kada ta zama shara-shara, kada kuma ta matse. To, a shiga layin 'yan yadi a Kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada a nemi yadin hijabi da ya cika waɗannan sharuɗɗa da kuɗin da matar ɗan acaɓa ko matar leburan gini za ta iya fitarwa. Wanda za a miƙo mata da sunan "mai sauƙi", idan ta ɗaga shi sama ta leƙa, tana hango fuskar mai shagon ta cikinsa kamar gidan sauro. Idan ta nuna wanda ke rataye a sama, mai nauyi da santsi, amsar ɗaya ce a kowane shago: "Hajiya, wannan ba na wasa ba ne, dala ce ta tashi." Hijabi har ƙasa na babbar mace yana cin yadi uku zuwa huɗu, kuma ba guda ɗaya ake buƙata ba, tunda sai an wanke an shanya, ga na salla, ga na fita unguwa. Yara kuwa kowace tana da na makarantar boko da na Islamiyya, kowace makaranta da kalarta, kuma yarinya mai tasowa kafin shekara ta zagayo hijabin ya koma mata iya gwiwa.

Ban musanta cewa dala ta tashi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Yadin nan kusan duk daga China ake shigo da shi, ya sauka a Kantin Kwari a Kano, sannan a loda shi a mota zuwa Zariya, kowane hannu da ya taɓa shi yana ɗora ribarsa da kuɗin mai. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma mata nawa ne ma suke da albashin? Yawancinsu kitso ne, ko ƙosai, ko ɗinkin hula, ko jiran abin da maigida zai ajiye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, idan dala ta hau da safe kafin azahar farashi ya canja a shago, amma idan ta sauko sai a ce kayan tsohon sari ne. Tsohon sarin nan ba ya ƙarewa.

Tsada wani abu ne, ha'inci kuma wani abu ne daban, kuma shi ne ba zan iya yafewa ba. Na taɓa biyan kuɗin yadi huɗu a wani shago, ina tsaye yaron ya auna da sandarsa yana jan yadin yana miƙar da shi, ya yanka ya naɗe. Da na kai wa telata ta shimfiɗa awo a gabana, sai ga shi ya gaza da kusan rabin yadi. Ta dube ni ta ce, "Malama, wannan ba zai sauka ƙasa ba, sai dai mu yi wa ƙaramar." Na koma shagon, aka nuna mini rubutun da ke jikin bango cewa kayan da aka yanka ba a mayar da su. Wanda ya yi wannan yana jin kiran salla zai rufe shago ya tafi sahun gaba, ya manta da cewa akwai sura sukutum a Alƙur'ani da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye awo. Haka atamfa: a ɗauko roba-roba a manna mata takardar babban kamfani, a rantse cewa ba ta zuba, wanki ɗaya ruwan baho ya rine, zanen ya koɗe, ya kuma tsuke. Baƙar abaya mai araha kuwa wata biyu a rana ta koma ja-ja. Idan aka yi magana sai a ce araha ba ta ado. Mu ba ado muka zo saya ba, kuma kuɗin da muka bayar, komai ƙanƙantarsa, da guminmu muka samo shi.

Sai a zo kan zafi. Duk wanda ya san bazarar Zariya, watan Maris da Afrilu, ya san abin da nake nufi. Yadin roba ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa. Ɗalibar da ta fito daga cikin birni ta bi ta Ƙofar Doka za ta makaranta a unguwar Kongo ko Samaru, a matse cikin Keke Napep da tsakar rana, kafin ta isa aji wuyanta da bayanta duk ƙuraje ne. Mai auduga, wanda shi ne ya dace da ƙasarmu, ya zama na masu hali.

Wannan kuma abin kunya ne ga ƙasar Zazzau musamman. Nan fa gidan auduga ne. Tun zamanin Turawa akwai injin gurzar auduga a Zariya, kuma cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru ita ta fitar da irin auduga na SAMCOT da manoman Arewa suke shukawa. A Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, an buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957 zamanin Sardauna, daga baya Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) da sauransu suka cika unguwar Kakuri, dubban magidanta suna ci daga ciki, iyayenmu mata suna ɗaura atamfar gida mai kauri wadda ake gada. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin kayan waje suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta rufe a 2007. Gwamnatoci sun yi ta alkawarin farfaɗo da masaƙu, amma ni dai har yau abin da nake tararwa a kasuwa na waje ne.

Wasu za su ce a je gwanjo. Mun je. Dilar gwanjo kayan Turai ce, yawancinta gajerun riguna da matsattsun wanduna, kuma 'yan dogayen rigunan da ke ciki masu shago sun tsince su tun kafin a baza, sun goge sun rataye da farashin da ya kusa na sabo. Masu tallar abaya a WhatsApp da Instagram kuwa hoto suke sayarwa: a tura kuɗi, a biya na mota daga Kano, a buɗe leda a ga wani abu daban, a kira waya a ji ta a kashe. Teloli ma sun ƙara kuɗin ɗinki, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda da janareta suke aiki, zare da allura duk sun hau.

Bayan duk wannan, wa ake zargi? Yarinyar. Ta fito da hijabin da ya gajarce ko ya yi shara-shara, a zauna a majalisa ana cewa tarbiyya ta lalace, a hau mumbari a yi wa'azi a kanta, babu mai tambayar ko uwarta tana da na sayen wani. Na san gidajen da uwa da 'ya suke karɓa-karɓa da hijabi guda, idan ɗaya ta fita sai ɗaya ta zauna, kuma na san ɗalibata da ta daina zuwa Islamiyya saboda nata ya yage kuma tana jin nauyin faɗa. Mu mata ma muna da namu laifin. Kowane biki da anko, kowane suna da kayan fita, mace ta kwashi adashinta ta zuba a leshin da za ta sa sau ɗaya don kada dangin miji su yi da ita, alhali hijabin sallarta ya mutu.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da su duba sandunan awon 'yan yadi, su ajiye awo na gaskiya a ofishinsu inda mace za ta je ta gwada abin da ta saya, su kuma hukunta wanda aka kama. Makarantun Islamiyya su daina canja kalar hijabi, su daina tilasta wa iyaye saye a hannunsu. Kwamitocin masallatai da masu fitar da zakka, da suke raba hatsi da azumi, su haɗa kuɗi su saro yadi mai kauri daga Kwari, su ba matan unguwa masu keken ɗinki su ɗinka, a sayar a kan kuɗin sari, marayu da zawarawa a ba su kyauta. Hajiyoyin da akwatunan lefensu ke cike da turamen da ba a taɓa warwarewa ba, su buɗe su tun kafin azumi, lokacin da teloli ba su cika da ɗinkin Salla ba.